Idan Madambaci Ya Ƙi Turara

Babu gidan da ba a san dambu ba a ƙasarmu. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, ana yin dambun gero, da na masara, da na tsakin shinkafa. Ana haɗa shi da zogale ko rama, a barbaɗa ƙuli-ƙuli, a zuba mai. Abinci ne mai auki, mai riƙe ciki. Manomi ya kan ci da hantsi, ya yi aiki har la'asar bai ji yunwa ba.

Amma kowace uwargida ta san ranar da madambaci ya kan yi gardama. An ɗora tun da wuri, ana ta tura kara, ido ya yi ja don hayaƙi, ga yara sun kewaye murhu da kwanoni. Da an buɗe sai a tarar tsaki yana nan da ƙarfinsa. Wani lokaci kuma ƙasa ya caɓe, sama ɗanye. Waɗansu su ce hatsin ne ba shi da kyau. Waɗansu su ce hannun mai girkin ne. Waɗansu har su ce baki ne ya kama.

Hasarar ba ƙarama ba ce. Da fari, an ɓata tsaba, ga ta da tsada, kowa ya je kasuwar Dawanau ya sani. Na biyu, an ƙona makamashi a banza. A karkararmu gona tana jikin gona, babu dajin da za a shiga a saro itace. Karan dawa da na gero da a ke tarawa da kaka, shi ne na danga, shi ne na dabbobi, shi ne kuma na murhu. Na uku, abincin da bai nuna ba ya kan ɓata cikin yara da tsofaffi.

Mun rubuta wannan darasi don mu nuna dalilin gardamar madambaci, da yadda za a bi a gano wurin da laifi ya ke.

1. Mene ne tururi?

Tururi ruwa ne wanda zafi ya mayar kamar iska. Idan aka ɗora ruwa a wuta, zafinsa ya kan yi ta hauhawa har ya tafasa. A bakin teku, kamar Ikko, ruwa yana tafasa idan ya kai digiri 100 a ma'aunin zafi. Mu a ƙasar Kano muna kan tudu, kusan mita 500 bisa teku, saboda haka namu yana tafasa wajen digiri 98. A Jos, inda tudu ya fi namu, wajen digiri 96 ne.

Ga abu na farko da ya kamata mu riƙe. Idan ruwa ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ba ya ƙaruwa kuma, ko da an tura masa damin kara goma. Ƙarin wutar yana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi.

Ga na biyu. Zafin da a ke bukata kafin tafasasshen ruwa ya zama tururi duka ya fi sau biyar na wanda a ke bukata a kai ruwan sanyi ga tafasa. Wannan zafi mai yawa yana ɓoye cikin tururin. Idan tururi ya taɓa abu mai sanyi, sai ya koma ruwa, ya saki zafin nan a jikin abin. Wani masani mai suna Joseph Black, wanda ya koyar a birnin Gilasgo, shi ya bayyana wannan wajen shekarar 1762. Haka dambu ya ke nuna: tururi ya ratsa tsaki, ya sauke masa zafi da laima tare.

Ga na uku. Tururi yana neman fili ƙwarai. Lita 1 ta ruwa, in ta zama tururi, ta kan cika wurin lita 1,700, watau fiye da duro takwas. Tukunya ba ta iya riƙe wannan, dole ya nemi mafita. Ƙarfin nan ne ya jawo jirgin ƙasa na farko da ya iso Kano a shekarar 1911. Kuma tururi ba ya wahalar da kansa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ya ke bi.

2. Yadda madambaci ya ke aiki

Ku dubi kayan dambu daga ƙasa zuwa sama. Akwai wuta. Akwai tukunya da ruwa a ciki. Akwai liƙi, inda gindin madambaci ya haɗu da bakin tukunya. Akwai ƙofofin madambaci da tsakin da ke bisansu. Sa'an nan akwai murfi. Biyar ke nan, kamar yatsun hannu.

Aikin wuta ta tafasa ruwa. Aikin ruwa ya ba da tururi. Aikin liƙi ya hana tururi fita ta gefe. Aikin ƙofofi su ba shi hanya ya hau. Aikin murfi ya tsare shi har ya gama aikinsa. In ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya kasa, dambu ba zai nuna ba.

Saboda haka idan abu ya ɓaci, kada a ruɗe, kada kuma a sauke madambaci nan da nan. A fara dubawa daga ƙasa, a bi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ana gyara laifin tukunya tana kan murhu.

3. A fara duba wuta

Ku sa kunne kusa da tukunya, amma ba dab da ita ba. Kuna jin ƙugin tafasa? In ba ku ji ba, kuma kun tabbata da ruwa a ciki, to laifin na wuta ne.

Kara ba kamar itace ba ne. Ya kan kama da sauri, ya yi harshe, ya mutu da sauri. Idan mai girki ta tura kara ta tafi daka, kafin ta dawo ruwa ya daina tafasa. Tururin da ya riga ya hau sai ya huce ya koma ruwa, ya jiƙe tsaki. Dambu yana son wuta madaidaiciya wadda ba ta yankewa. Gara a riƙa tura kara uku uku ba fashi, da a cusa dami guda a tafi.

A duba toka. Idan ta cika murhu, iska ba ta samun shiga, wuta sai ta yi ta hayaƙi ba zafi. A kwashe ta kafin a hura, a tara don gona.

A duba iska. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta kan kwashe harshen wuta ta kai shi gefe, gindin tukunya bai samu ba. A kare murhu da tubali, ko tsohon kwanon rufi, ko a gina masa ɗan bango na laka ta wajen da iska ke zuwa. Kada a kare shi da zana ko tabarma, don gudun gobara.

A duba duwatsun murhu. In sun yi tsawo, wuta tana nesa da tukunya. In sun yi gajarta, tukunya ta danne wuta. Da damina kuwa, a ajiye karan girki a ƙarƙashin rumfa, gama ɗanyen makamashi yana ɓata wani ɓangare na ƙarfinsa wajen busar da kansa.

4. A duba ruwa

Ruwa ya kan yi laifi ta hanya biyu: ko ya yi kaɗan, ko ya yi yawa.

In ya yi kaɗan, sai ya ƙone tun dambu bai nuna ba. Alamarsa ita ce ƙugin tafasa ya ɗauke alhali wuta tana ci, sa'an nan a ji ƙauri. Akwai dabara mai sauƙi. Kafin a ɗora, a wanke 'yan tsakuwa biyu ko uku masu santsi, a jefa a cikin tukunya. Muddin ruwa yana tafasa za a ji suna ƙaras-ƙaras. Da sun yi shiru, a san ko wuta ta mutu, ko ruwa ya ƙare.

In za a ƙara ruwa, a ƙara mai zafi. Ya kamata a ajiye buta ko ƙaramar tukunya a gefen murhu don haka. Ruwan sanyi yana kashe tafasa, a sake jira, a sake ƙona kara. Mafi muni, idan tukunyar ƙasa ta bushe a kan wuta aka zuba mata ruwan sanyi, ta kan tsage nan take.

In ruwa ya yi yawa, idan ya tafasa sai ya riƙa tsalle yana taɓa gindin madambaci. Tsakin ƙasa ya sha ruwa, ya zama kamar tuwo, ya toshe ƙofofi. Daga nan tururi ba shi da hanya, na sama ya zauna ɗanye. A zuba ruwa kamar rabin tukunya, a bar fili kamar faɗin yatsu huɗu tsakanin ruwa da gindin madambaci.

Kada kuma a zuba tsaki tun ruwa bai tafasa ba. A bari sai an ga tururi yana fitowa ta ƙofofi tukuna.

5. A duba liƙi

A nan ne laifi ya fi yawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tururi ma haka ya ke, sai dai shi fita ya ke nema. Ratsa tsaki aiki ne mai wuya. In ya sami ƙofa a gefe, ko da allura ce kaɗai za ta shiga, ta nan zai bi.

Ku zagaya tukunya ku duba. Kuna ganin farin tururi yana tsartuwa ta tsakanin tukunya da madambaci? Kuna jin wani ɗan fito? In ido bai gani ba, a ɗauki busasshen cokalin ƙarfe mai sanyi, a bi da shi kewayen liƙin. Inda ya yi gumi, nan ɓarakar ta ke. Kada a gwada da yatsa.

Gyaran ba wuya. A kwaɓa garin kuka, ko garin hatsi, da ɗan ruwa, ya yi kauri. A sami tsumma mai tsabta, a yage shi dogo, a shafe shi da kwaɓin, a naɗe mahaɗar da shi sosai. Kwaɓi kaɗai ya kan bushe ya tsattsage. Tsumma kaɗai ya kan bar tururi ya ratsa. Su biyun tare su ne ke riƙewa. Duk lokacin da aka ɗaga madambaci don ƙara ruwa, ko don juya tsaki, sai an sake liƙewa.

Wani lokaci liƙi ba ya zama don tukunya da madambaci ba su dace da juna ba. Ko bakin tukunyar ya yi faɗi, ko ya ɓantare, ko kuma tukunyar ƙarfe ce ta lotse. Idan za a sayi madambaci, a auno bakin tukunyar gida da zare ko tsinke, a tafi da shi kasuwa.

A duba jikin madambacin da na tukunyar. In na ƙasa ne, a ƙwanƙwasa da yatsa tun ba a ɗora ba. Mai lafiya yana da amo mai daɗi. Mai tsaga kuwa amonsa a dushe ya ke. Tukunyar da ta tsage, a mayar da ita ta ajiyar tsaba ko ta shan ruwan kaji.

6. A duba ƙofofi da tsaki

A ce wuta tana ci, ruwa yana tafasa, liƙi ya kama, amma tururi bai fito sama ba. To hanya ce ta toshe.

Ƙofofin madambaci su kan cike da ragowar dambun jiya wanda ya bushe ya ƙandare. A ɗaga madambaci a duba ta wajen haske. Duk ƙofar da ba ta nuna haske ba, a tsokace ta da tsinke. Hanya mafi kyau ita ce a jiƙa madambaci da zarar an kwashe dambu, a wanke tun bai bushe ba.

Waɗansu su kan shimfiɗa ƙyalle a gindin madambaci don kada tsaki ya zuba. Yana da kyau, amma ya zama ƙyalle mai shara-shara, ninki ɗaya, wanda aka wanke. Ƙyalle mai kauri, ko wanda maiƙo ya kama, ya kan zama kamar murfi.

Sa'an nan a duba tsakin kansa. Akwai kuskure huɗu da a ke yawan yi.

Na ɗaya, rashin tankaɗe. In gari ya yi yawa a cikin tsaki, shi ke cike 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi. A tankaɗe, a ware garin don kunu ko tuwo.

Na biyu, yawan laima. Tsakin da aka wanke ba a tsane ba ya kan manne da juna. A bar shi a kwando ya tsane. A damƙa a hannu. In ya dunƙule, aka taɓa ya warware, to ya yi daidai. In ruwa ya fito ta tsakanin yatsu, da saura.

Na uku, rashin laima. Busasshen tsaki ba ya nuna, ko ya wuni a kan wuta, domin ƙwayar hatsi sai ta sha ruwa ta ke kumbura ta yi laushi. Shi ya sa a ke turara dambu sau biyu. Bayan turarawar farko a juye a ƙwarya, a yayyafa ruwa, a warware da muciya, a haɗa ganye da kayan yaji, sa'an nan a mayar.

Na huɗu, dannawa. Idan baƙi sun yi yawa, mai girki ta kan cika madambaci maƙil ta danna da hannu. A zuba tsaki a sake, kamar yadda a ke barbaɗa iri. A bar wuri a sama. A soka tsinke ko gindin ludayi wuri uku ko huɗu har ƙasa, don tururi ya sami hanyoyi. In abincin yana da yawa, gara a yi ɗori biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

7. A duba murfi

Tururi ya hau, amma in babu abin da zai tsare shi, sai ya wuce sama da zafinsa. Murfin da ya karkace, ko faifan da ya yage, ba ya tsare kome.

Murfin ƙarfe kuma yana da nasa hali. Tururi ya kan taru a cikinsa ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a kan dambu, saman ya yi danƙo. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a bisa tsaki kafin a rufe, shi zai shanye ɗigon. A tattare gefen ƙyallen sama, kada ya sauko kusa da wuta.

Kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Kowane buɗi yana sakin zafin da aka sha wahalar tarawa. Idan aka ga tururi yana fita sosai ta gefen murfi, aka kuma ji ƙamshi, to lokacin dubawa ya yi.

8. Alamomi a taƙaice

Ƙasa ya caɓe, sama ɗanye: ruwa ya yi yawa, ko an danne tsaki.

Gefe ɗaya ya nuna, gefe ɗaya bai nuna ba: waɗansu ƙofofi sun toshe, ko tukunya ta karkace a kan murhu.

Duka ɗanye, ga ruwa yana ta raguwa: liƙi ya ɓalle.

Duka ɗanye, ruwa bai ragu ba: wuta ba ta isa ba.

Ya yi zafi amma yana da tsauri a baki: tsaki bai sami laima ba.

Ƙauri: ruwa ya ƙare.

Wannan ilmi yana da amfani ga alala ma. A jera guntayen kara masu tsabta a gindin tukunya, a zuba ruwa kada ya rufe su, a ɗora ƙunshin alala a bisa. In ruwa ya shiga ƙunshin, alala ba ta ɗaurewa. A soka tsinke a tsakiya. In ya fito da ƙullu a jiki, ba ta nuna ba. Ɗanyen wake yana kumbura ciki, kada a ba yara.

9. Farin ɓawo, da tanderun zamani

Ruwan waɗansu rijiyoyi da na burtsatse yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa wanda ido ba ya gani. Idan ruwa ya tashi ya zama tururi, shi ba ya tashi. Sai ya zauna a gindin tukunya ko buta, ya zama farin ɓawo mai tauri. In ya yi kauri, ya kan rage zafin da ke shiga ruwa. Maganinsa abu mai tsami. A jiƙa tsamiya, ko a matse lemon tsami a ruwa, a tafasa a cikin tukunyar, a goge, a ɗauraye da kyau. Kanwa ba ta cire shi, tana ma ɓata tukunyar alminiyam.

A yau akwai tanderun lantarki na gida wanda ke dafa abinci da tururi. 'Ya'yanmu da ke aure ko aiki a birni su kan gamu da shi. Kada su ji tsoronsa, gama madambaci ne aka sa wa rigar ƙarfe. Yana da abin da ke ba da zafi, a maimakon murhu. Yana da mazubin ruwa, a maimakon tukunya. Yana da roba a kewayen ƙofa, a maimakon liƙi. Yana da siririn bututu, a maimakon ƙofofi.

In ya daina ba da tururi, a bi tsarin nan dai. A duba ko wutar lantarki ta yi rauni. A duba ko mazubin yana da ruwa, ya kuma zauna daidai a gurbinsa. A duba ko robar ƙofa ta yage ko ta yi datti. A duba ko farin ɓawo ya toshe bututu, gama wannan ciwo ne da ya ke yawan kama shi. A wanke shi yadda takardarsa ta faɗa. In duk wannan bai yi ba, a zare shi daga wuta, a kira mai gyara. Kada wanda bai koya ba ya kwance shi.

10. Kiyaye lafiya

Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa, saboda ɓoyayyen zafin da muka ambata. Kuma tururi na ainihi ba a ganinsa. Farin da mu ke gani ya riga ya fara komawa ruwa. Dab da bakin tukunya, inda ido bai ga kome ba, nan ya fi zafi.

In za a buɗe murfi, a fara ɗaga gefen da ke nesa da fuska. A riƙe madambaci da busasshen tsumma, domin jiƙaƙƙe yana kawo zafi hannu. Kada a sauke shi da goyo a baya. Masu rarrafe su yi nesa da murhu.

In wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ko toka, ko ƙwai, ko man goge baki. Kada a fasa ƙurjin da ya tashi. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska ta ke, ko yaro ne, a kai shi asibiti nan da nan.

Kada a taɓa liƙe murfin tukunya gaba ɗaya a danne da dutse. Tururin da ya rasa mafita ya kan fasa tukunya. A shekarar 1679 wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera tukunya mai kulle tururi, wadda ke dafa ƙashi har ya yi laushi. Sai da ya yi mata ɗan mafitar da ke buɗewa in ƙarfi ya yi yawa. Tukwanen zamani masu fito jikokinta ne. Wanda ke da irinsu ya tabbata mafitar ba ta toshe ba kafin ya ɗora.

Kada a turara abinci a buhun da aka zuba takin zamani ko maganin ƙwari, ko da an wanke shi. A kuma yi girki inda iska ke ratsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ke jawowa, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Madambacin da ke aiki daidai yana rage zaman uwargida a cikin hayaƙi.

11. Ba mu kaɗai ba ne

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna yin dambu da zogale kamar mu. Can hayin Sahara kuma, mutanen Aljeriya, da Maroko, da Tunisiya, da Muritaniya suna da kuskus. Su ma a tukunya mai hawa biyu su ke turara shi, ta sama mai ƙofofi. Su ma su kan naɗe mahaɗar da tsumma, su kuma turara fiye da sau ɗaya. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan girki nasu cikin al'adun da duniya za ta adana. Watau aikin da uwargida ke yi a tsakar gida ilmi ne da ya cancanci girmamawa.

Maigida ma yana da nasa rabo. Shi zai gina wa murhu kariya, ya tanadi busasshen kara, ya sayo sabon madambaci in tsohon ya tsage. In ana shirin suna ko biki, a gwada kayan da ruwa zalla tun ana jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa biyar da za a duba, daga ƙasa zuwa sama.
2. Don me a ke ƙara ruwan zafi, ba na sanyi ba?
3. Dambu ya caɓe a ƙasa, sama ɗanye. Mene ne dalili?
4. Lita 1 ta ruwa tana ba da lita 1,700 na tururi. Lita 3 fa?
5. Me za a yi wa wanda tururi ya ƙona?

Wanda ya karanta, ya karanta wa na gida da maƙwabta. Allah ya sa albarka a abincinmu, amin.